Jaji da Malfarta: Tarihin Aikin Sa Kai Wajen Tarbiyyar Matasa a Daular Sakkwato

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowa ya yarda da wannan magana, amma ba kasafai mukan tsaya mu tambayi kanmu wane ne zai yi tanƙwarar ba, alhali kuwa hannun da ke tanƙwara icce shi ne kuma yakan karya shi. A garuruwanmu ƙungiyoyi sun yawaita, na unguwa da na addini da na marubuta, kuma kusan kowacce tana da mutanen da suka sa kansu jagorancin yara da matasa ba tare da ana biyansu ko anini ba. Wannan abin a yaba ne. Sai dai mun sha ganin yadda mutum zai ɗauki aikin da zafinsa, ya tara yara, bayan wata uku a neme shi a rasa, in an yi masa magana ya ce ai ba albashi ake ba shi ba. Mun kuma ga wanda ya mai da yaran da aka damƙa masa 'yan aikensa, ko 'yan rakiyarsa wajen taron siyasa.

Wasu na ɗauka cewa wannan aiki baƙo ne, ƙungiyoyin agaji ne suka zo mana da shi daga Turai, saboda haka ba mu da wani ma'aunin kanmu da za mu auna shi. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Tun wajen shekarar 1840 aka yi wata mace a ƙasar Sakkwato da ake kira jaji, wadda ba ta karɓar lada a hannun kowa, amma naɗa ta aka yi, aka sanar da ita iyakar aikinta, aka kuma ajiye wadda za ta riƙa komawa gabanta ta ba da bayani. A wannan maƙala za mu bi sawun jaji, mu ga abin da ke wuyanta, domin mu gane cewa sa kai amana ce, kuma rashin albashi ba ya rage mata nauyi.

Ƙasar da Yaƙi Ya Bari

A watan Fabrairu na shekarar 1804 ne Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira da jama'arsa daga Degel zuwa Gudu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, tana cikin ayarin, tana da kimanin shekara 11 a duniya. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, aka kafa Sakkwato a 1809, Shehu ya rasu a 1817, amma duk da haka takobi bai koma kube ba. Ko a 1836 sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fita ya kara da rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke, shekara guda kafin rasuwarsa a Wurno.

Yaƙin da ya haura shekara 30 ana yi ya bar zawarawa da marayu. Ya kuma bar ɗimbin mata da aka kamo daga ƙasashen da aka ci, aka rarraba su cikin gidaje da ƙauyuka da garuruwan ribaɗi, wasu bayi, wasu ƙwaraƙwarai. Akasarinsu Hausa kaɗai suke ji, ba Larabci ba Fulatanci. In ciwo ya zo, ko rashin haihuwa, ko mutuwar ɗa, abin da suka sani tun a gidan iyayensu shi ne bori, kuma wurinsa suke komawa. Waɗannan mata kuwa su ne ke goyon yaran da za su gaji daular. Ɗa namiji yana da masallaci da makarantar allo da zauren malam, amma yarinyar ƙauye ba ta da kowa sai uwar da ita ma ba a koya mata ba.

Shehu bai yi shiru a kan wannan al'amari ba tun yana raye. A cikin littafinsa Nurul Albab ya zargi malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Tun kafin jihadi ma wani malami mai suna Goni Mustafa ya soki yadda mata ke halartar wa'azinsa, sai ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa a waƙe, yana nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. To, amma hukuncin da ke cikin littafi ba shi da ƙafar da zai taka zuwa ƙauye. Ita kanta Nana Asma'u matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ce, tana zaune a ɗakinta, ba za ta iya bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya ba. Matan aure masu ƙuruciya su ma ba za su bar gidajen mazansu su yi tafiyar kwanaki ba. Dole ke nan a sami wadda za ta tsaya tsakani, ta ɗauko ilmi daga inda yake ta kai shi inda ake bukatarsa.

Naɗin Jaji

Dabarar da Nana ta yi ita ce ta riƙa zaɓen dattijuwa guda daga ƙauye, mai hankali da kamun kai, wadda mutanen garinsu suka shaida halinta, ta ɗora mata shugabancin matan wannan wuri. Sunan da ta ba ta, wato jaji, daga bakin fatake ya fito, domin haka ake kiran mai jan ayari. Jama'ar da jaji ke jagoranta kuwa su ne aka sani da 'Yan Taru, wato masu taruwa.

Abin lura a nan shi ne ba jaji ce ke wayar gari ta ce ta zama jaji ba. Nana ce ke naɗa ta, ta ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai kamar rawani. Wannan malfa tana da tarihi. A masarautar Gobir akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta wadda ke shugabantar mata da 'yan bori, kuma malfa na cikin kayan da aka san ta da su. Gobirawan da suka kafa Tsibiri, a cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu, sun tafi da wannan sarauta can. Matan ƙauye sun san cewa duk macen da ta sa malfa mai faɗa a ji ce. Maimakon Nana ta yaƙi wannan alama, sai ta ɗauke ta ta ɗora a kan malama. Mace ta ga abin da idonta ya saba gani, amma abin da ke fitowa daga bakin mai malfar ya sauya.

Naɗin yana da fuska biyu. Yana ba jaji kwarjini, ta yadda maigari da malamin ƙauye da mazan gari za su san da izinin wa take aiki. Yana kuma ɗaure ta, domin wadda ta sa malfar Nana ba ta da damar yin abin da ta ga dama. In ta yi abin kunya, ba sunanta kaɗai ta ɓata ba. Haka aka haɗa mata girma da nauyi a rana guda.

Amanar Hanya

Waɗanda jaji ke ɗauka zuwa wurin Nana iri biyu ne: 'yan mata waɗanda ba su kai ga aure ba, da tsofaffin mata waɗanda suka gama haihuwa. Matan aure na tsakiya sukan zauna gida su jira abin da za a kawo musu. A ƙasa ake tafiyar, cikin daji, a zamanin da mahara ba su daina kai hari a iyakokin daular ba. Mai karatu ya duba girman abin da uba ya yi in ya miƙa 'yarsa ga wata mace ta tafi da ita kwana da kwanaki. Ba don ilmin jaji kaɗai ya yi haka ba. Ya yi ne don ya san gidanta, ya san zamanta da mutane, ya kuma tabbata yadda ta tafi da yarinyar haka za ta dawo masa da ita.

Tsarin tafiyar ma kansa kariya ne. Mace ce ke jan mata, kuma a ayari ake tafiya, yarinya tana tsakiyar kakanninta, ba a keɓe ta da kowa ba. Ci da sha da masauki da lafiyar kowace ɗaya duk suna wuyan jaji, tun daga ƙofar gari har a dawo.

Muna da shaidar yadda Nana ke kallon wannan aiki, domin da wata jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu a ƙarshen shekarun 1850, ta yi mata marsiyya da Fulatanci. Abin da ta yabe ta da shi shi ne naci: kowane lokaci na shekara, da zafi da damina da kaka da hunturu, tana kan hanya tana kawo mata ɗalibai, tana kuma gargaɗinsu da su gyara niyya kafin su taso. Nana ta yi wa manyan malamai da shugabanni marsiyya, ciki har da baffanta Abdullahi da yayanta Bello da mijinta Giɗaɗo. Sanya macen ƙauye a wannan sahu ya isa ya nuna mana matsayin da ta ba mai aikin sa kai. Kuma abin da ta zaɓa ta ambata darasi ne gare mu: dawowa shekara bayan shekara shi ne ya sa Hauwa'u ta cancanci a tuna da ita.

Jaji a Gaban Malamarta

In ayari ya iso, malfa ba ta hana jaji durƙusawa ta ɗauki karatu. Shugaba ce a ƙauyensu, amma ɗaliba ce a gaban Nana. Ita ke gabatar da matsalolin da matan garinsu suka aiko da su, ta karɓi amsa, ta haddace abin da za ta koma da shi. Abin da ya fi ƙarfinta ba ta yanke hukunci a kansa da ka, sai ta kawo shi inda aka fi ta sani.

Kayan koyarwar kuwa waƙa ce, kuma a nan ne abin ya shafe mu marubuta kai tsaye. Nana ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ta san wa take yi wa kowanne. Larabci na malamai ne, Fulatanci na jama'ar gidan Shehu, Hausa kuwa ta talakawa ce, musamman waɗannan mata. A waƙarta Sunago ta jero sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin kimanin baiti 30, yadda wadda ba ta iya karatu ba za ta riƙe su a ka. A Tawassuli ga Mata Masu Albarka, wadda ta gina a kan Kitabun Nasiha na Bello, ta ambaci matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa, da bayin Allah irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta haɗa da malamai mata na cikin jama'ar Shehu, domin yarinya ta san cewa abin koyi bai ƙare a ƙasar Larabawa ba. Godaben Gaskiya kuwa wa'azi ce a kan halin da ake so da wanda ake ƙi, da sakamakon kowanne. Da irin waɗannan waƙoƙi aka koyar da alwala da salla da azumi da zakka, aka yi hani ga ƙarya da rowa da hassada.

Waƙa ba ta bukatar takarda ko fitila. Mace tana daka tana rerawa, tana kaɗi tana rerawa, 'yar da ke bayanta tana ji. Daɗin daɗawa, ma'aunin waƙa da amsa-amonta suna tsare saƙo daga ƙari ko ragi, saboda haka abin da jaji ta kai ƙauye shi ne abin da Nana ta faɗa.

Bayan An Koma Gida

Babban aikin jaji yana farawa ne bayan ta dawo. Takan shiga gida gida ta koya wa matan kulle abin da ta ɗauko. Ita da 'Yan Tarunta sukan duba marar lafiya, su yi wa mamaciya wanka, su share harabar masallaci, su sasanta matan da suka sami saɓani. Yarinyar da ke biye da jaji tana ganin duk wannan da idonta, kuma abin da ta gani ya fi zama a zuciyarta bisa ga abin da aka faɗa mata.

Akwai kuma batun dukiya. Matan da ba su sami zuwa ba sukan ba da sadakarsu, kamar hatsi da zuma da man shanu da tufa, a kai wa Nana, ita kuma ta rarraba wa mabukata. Ta hannun jaji kayan ke bi. Da a ce jajoji sun riƙa taɓa abin da aka ba su amana, da tafiyar ba ta yi nisa ba, domin ƙauye ba ya ɓoye irin wannan labari.

Ba za mu ce tsarin ba shi da iyaka ba. Mafi yawan karatun na baka ne, kuma a kan addini da zaman tare ya tsaya. Haka nan yana daga cikin hanyoyin da sabuwar daula ta bi ta shigar da mutanen da ta ci da yaƙi cikin tafarkinta, kuma da yawa daga cikin matan ba da son ransu suka baro garuruwansu ba. Duk da haka, a zamanin da ba wanda ya damu da abin da ke cikin kan baiwa ko 'yar talaka, an sami masu taka sayyada domin su.

Magada

Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, Allah Ya jiƙansu. Sau da yawa irin wannan aiki yakan bi mai shi kabari, amma na 'Yan Taru bai bi ta ba. Ƙanwarta Maryam, wadda ake kira Uwar Deji, matar Sarkin Kano Ibrahim Dabo da ta koma gida bayan rasuwarsa a 1846, ita ta karɓi ragamar. Bayanta kuma Tamodi, ita ma daga zuriyar Shehu, ta ci gaba. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, mulki ya sauya hannu, amma jajoji ba su daina jan ayarinsu ba. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da Baturiyar nan Jean Boyd ke bincike tare da taimakon Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda shi ma jinin Nana da Giɗaɗo ne, ta tarar da jajoji a ƙauyuka da malfarsu da waƙoƙinsu. Daga wannan bincike ne littafinta The Caliph's Sister ya fito a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack suka buga tarin rubuce-rubucen Nana. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, tana ɗaukar Nana a matsayin abin koyi, har ma an sami Musulmi a Amurka da suka kafa ƙungiya da sunan 'Yan Taru.

In muka kwatanta da abin da ya zo daga baya, za mu ƙara ganin girman wannan ɗorewa. Hukumar NORLA, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a farkon shekarun 1950 domin samar da littattafan Yaƙi da Jahilci, ta yi aiki mai yawa, amma a 1959 aka rufe ta. 'Yan Taru ba su da baitulmali, amma sun haura shekara 130 suna tafiya. Dalili shi ne kowace jaji tana tafe da yarinyar da wata rana za ta tsufa ta sa malfa.

Abin da Ya Rage Gare Mu

A shekarar 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kuma kowa ya san Arewa ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka. Yaron da bai sami jagora nagari ba, ba ya zama haka nan. Wani ubangidan ne zai same shi, ya ba shi ƙwaya da 'yan kuɗi ranar zaɓe. Saboda haka bukatar masu sa kai ba ta ragu ba, kuma tarihin jaji ya bar mana ma'aunin da za mu auna su.

Na farko, kada kowa ya naɗa kansa. Ƙungiyar da za ta damƙa wa mutum yara ta binciki halinsa a unguwarsu, ta gabatar da shi ga iyaye, ta kuma sa masa lokacin da zai riƙa zuwa yana ba da bayani. Na biyu, a tsare mutuncin yaro: a haɗu a fili, da sanin iyaye, kuma 'yan mata su sami mata masu jagorantarsu. Na uku, jagora ya ci gaba da neman sani, ya kuma san inda saninsa ya tsaya, in matsala ta likita ce ko ta malami ko ta hukuma, ya kai ta can. Na huɗu, ya tsare hannunsa daga abin yaro, ko kuɗinsa ko ƙarfinsa ko basirarsa. A cikinmu marubuta, wannan yana nufin in matashi ya kawo rubutunsa a duba masa, a karanta da gaske, a gaya masa gaskiya cikin lalama, a mayar masa ranar da aka yi alkawari, kuma kada labarinsa ya ɓulla wata rana da sunan wani. Na biyar, wanda ya san ba zai jure ba, gara ya faɗa tun farko, domin yaron da babba ya yasar a tsakiyar hanya da wuya ya sake yarda da wani babba.

Kammalawa

Mun ga yadda yaƙi ya bar mata da 'yan mata ba mai koya musu, da yadda Nana Asma'u ta ɗauko dattijuwar ƙauye ta ɗora mata malfa, ta mai da ita gada tsakanin ɗakin karatu da tsakar gida. Mun ga cewa jaji tana da wadda ta naɗa ta, tana da iyayen da za ta kalli idonsu in ta dawo, tana da malamar da take durƙusa wa, tana kuma da magajiya. Duk wanda zai ce ya sa kansa jagorancin matasa a yau, sai ya tambayi kansa ko yana da waɗannan huɗun. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, Ya sa mu dace, amin.